Shin Rikicin Zaɓen Fidda Gwani Ne Ke Kayar da Jam'iyya a Babban Zaɓe?

TAMBAYA: Malam, ina cikin damuwa. Na daɗe ina yi wa jam'iyyarmu hidima, amma duk lokacin da aka yi zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa sai a tashi baram-baram. A na baya, abokaina da gwaninsu ya faɗi sun rantse ba za su zaɓi wanda ya samu tikiti ba, wasu ma suka ce gara su ba abokin hamayya. Yanzu manyanmu na cewa mafita ita ce a daina fafatawa, a zauna a fitar da mutum ɗaya ta hanyar maslaha. Shin da gaske zazzafan zaɓen fidda gwani ne ke kayar da jam'iyya?

AMSA: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya, amma maganin da manyanku suka kawo ya fi ciwon haɗari.

Bari mu fara da abokanka. Rantsuwar da mutum ya yi a daren da gwaninsa ya faɗi ba ita ce ƙuri'arsa ba. Tsakanin wannan dare da ranar babban zaɓe akwai watanni, kuma a cikinsu abokin hamayya na gaske yana fitowa fili, yana faɗin abin da ke tuna wa mai fushi dalilin da ya sa tun farko ya shiga jam'iyyar. Mafi yawa suna komawa gida. A Amurka, a 2008, Barack Obama da Hillary Clinton sun ja daga har zuwa watan Yuni, wasu magoya bayanta suka kafa ƙungiyoyi suna cewa ba su ba Obama. A watan Nuwamba ya ci da kusan kashi 53 cikin ɗari. A 2016 Donald Trump ya ci mutuncin abokan takararsa na Republican ɗaya bayan ɗaya a gaban talabijin, ya kuma ci babban zaɓe.

Ban ce ba a asarar komai ba. A wannan shekarar ta 2016, wani babban binciken jin ra'ayi ya ƙiyasta cewa kusan 12 cikin 100 na waɗanda suka zaɓi Bernie Sanders a fidda gwanin jam'iyyar Democrat, inda Clinton ta kayar da shi, Trump suka ba ƙuri'a daga baya, alhali tazarar da ta raba gardama a jihohin Michigan da Wisconsin da Pennsylvania gaba ɗaya ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. Idan zaɓe ya yi kankankan, 'yan kaɗan ma sun isa. Sai dai masu tsallakewa galibi mutane ne da tun asali ba su yi nisa a cikin jam'iyyar ba, ɗan takarar suka biyo, ko kuwa ra'ayinsu a kan wasu batutuwa ya fi kusa da na ɗaya ɓangaren. Ɗan jam'iyya na gaske da ya yi fushi ba kasafai yake ba abokin hamayya ba. Abin da ya fi yi shi ne ya zauna a gida, ya ƙi yawon neman ƙuri'a, ya kashe waya ranar da ake neman wanda zai tsaya ejan a rumfa.

Yanzu ga maganar da nake ji kusan kullum, daga masu sharhi a rediyo zuwa sojojin baka a Facebook, har ta ishe ni: wai "duk jam'iyyar da ta yi rikicin fidda gwani ta faɗi." Sai su jero maka misalan shugabannin Amurka masu ci da aka ƙalubalanta a fidda gwani, suka samu tikiti, sannan suka faɗi babban zaɓe. Gerald Ford ya sha da ƙyar a hannun Ronald Reagan a 1976, ya faɗi. Jimmy Carter ya yi fama da Ted Kennedy a 1980, ya faɗi. George Bush babba ya gamu da Pat Buchanan a 1992, ya faɗi. Duk gaskiya ne. Amma ka tambaye su: me ya ba Kennedy ƙarfin halin tunkarar shugaba mai ci na jam'iyyarsa? Tun a tsakiyar 1979, kafin ya fito, farin jinin Carter ya riga ya faɗo ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Kaya sun yi tsada, ana layin mai, sannan aka yi garkuwa da Amurkawa 52 a Tehran har kwana 444. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Raunin Carter ne ya jawo Kennedy, kuma raunin nan ne ya kayar da shi a gaban Reagan. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan tun 1965, kuma a 1998 wata masaniyar kimiyyar siyasa, Lonna Atkeson, ta nuna cewa idan aka sa ƙarfin ɗan takara da halin tattalin arziki cikin lissafi, tasirin da ake jingina wa zafin fidda gwani kusan ɓacewa yake. Zazzaɓi ne ake gani a ɗauka shi ne cutar.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan kuskure shi ne na san inda ake kai shi. Ba don ilimi ake yaɗa shi ba. Da shi ake share fagen ɗauki-ɗora. A tara mutum biyar ko shida a ɗaki cikin dare, a fito da safe a ce an yi maslaha, duk wanda ya ɗaga murya a ce yana so ya raba kan jam'iyya. Maslaha ta gaskiya tana da sharaɗi. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ma ta ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun amince a rubuce. Wanda aka kira aka ce ya janye ko ya gani, bai amince ba, shiru kawai ya yi. Kuma mutum yana iya haƙuri da kayen da aka yi masa a fili, an ƙirga a gabansa. Abin da ba ya yafewa shi ne a hana shi shiga fili. Magoya bayansa ma haka. Ka tuna zaɓen fidda gwanin APC a Legas a Disamban 2014: an fafata sosai, Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, aka ƙirga kowa na kallo, suka tafi tare, jam'iyyar ta ci a 2015. Ina rabuwar kan da ake tsorata ku da ita?

Za ka ce to PDP a 2022 fa? Mu duba ta da kyau. A watan Mayu Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku a filin taron. Daliget ne suka yi zaɓen, talaka bai jefa ƙuri'a ba balle a ce zuciyarsa ta karye. Ɓarnar ta biyo ta hannun masu riƙe da jam'iyya a jihohi. Gwamnoni biyar, na Ribas da Oyo da Binuwai da Abiya da Inugu, suka ce ba daidai ba ne ɗan takara da shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu, duk su fito daga Arewa. Aka shafe watanni ba a warware ba, kuma a Fabrairun 2023 Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohin nan biyar ba. Sannan Peter Obi da Kwankwaso tun kafin a yi fidda gwanin suka sauya sheƙa. Obi ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan 6, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi, alhali tazarar Tinubu da Atiku ba ta kai miliyan 2 ba. Ka ga ashe waɗanda ba su tsaya an fafata da su ba, da waɗanda aka ƙi rarrashi bayan an gama, su ne suka fi yin illa.

Saboda haka idan kana so ka san ko jam'iyyarku na cikin haɗari, kada ka tsaya auna zafin kalaman da aka yi kafin fidda gwani. Ka duba makonnin da suka biyo baya. Wanda ya ci ya taka da ƙafarsa zuwa wurin wanda ya kayar, ko aike ya yi? An sa mutanen wanda ya faɗi a kwamitin yaƙin neman zaɓe da aiki na gaske, ko sunayensu kawai aka rubuta? Shi wanda ya faɗin ya hau mumbari ya ɗaga hannun abokinsa, kamar yadda Clinton ta miƙe a babban taron jam'iyya a Denver ta nemi a tabbatar da Obama baki ɗaya, ko ya yi tafiya ƙasar waje ya yi shiru?

Abokanka kuwa, kada ka ce musu su manta, kada kuma ka kira su 'yan zagon ƙasa, wannan ne zai ƙarasa korarsu. Ka zauna ka ji ko kaye ne ke musu ciwo ko zargin maguɗi. Idan kaye ne, lokaci zai yi aikinsa. Idan maguɗi ne, ka kai maganar gaban manyan naku, ka gaya musu cewa a zaɓe mai zuwa kuna so a buga sunayen daliget tun da wuri, a kuma ƙirga ƙuri'a a gaban ejan ɗin kowane ɗan takara.