Alhaji, kada ka tura kuɗin nan tukuna

Wa alaikumus salam Alhaji. Da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da kake tsaye a bakinsa na san zurfinsa, ya taɓa cin kuɗina. Ka ce ka samu mai saye a Jamus yana son kwantena ɗaya ta barkono da kurkum da kamun (wato cumin) na Indiya, wani dillali a Mumbai ya aiko maka samfuri masu kyau haɗe da takardar gwaji, yanzu yana neman rabin kuɗi kafin a yi lodi, kana tambaya ko ka tura. Don Allah ka dakata.

Samfurin da ke kan teburinka gram 200 ne ko 500, an tsince shi da hannu, an share, an zaɓo mafi kyau. Kayan da za a zuba a kwantena kuwa, mai yiwuwa ma dillalin bai saye su ba har yanzu, da kuɗinka zai je kasuwa ya haɗo. Ka ɗauko takardar gwajin nan ka duba abu biyu: kwanan wata da lambar rukunin kayan. In lambar da ke takardar ba ita za a buga a jikin buhunanka ba, to takardar kayan wani ce, ba ta da amfani a gare ka. Wannan ita ce sana'ar irin waɗannan dillalan. Takarda ɗaya tak mai tsabta suke da ita, ta wani kaya da aka gwada watanni shida da suka wuce, ita suke tura wa kowa. Ba su da sito, ba su da injin tsaftacewa, waya ce kawai da shafin intanet mai hotunan masana'antar wasu. Kafin ka biya, ƙarfe biyun dare ka kira za a ɗauka, ana ce maka ɗan'uwa. Ranar da kaya suka maƙale a tashar ruwa, sai a ce maigida ya tafi biki ƙauye, sai a ce ai kai ne ba ka faɗi cewa Turai za a kai ba, alhali yana rubuce a saƙonka na farko. Allah ya isa tsakaninmu da masu wannan hali, suna ɓata sunan 'yan kasuwar Indiya na gaskiya, waɗanda suna nan da yawa.

Ka fara tambayarsa takardu uku. Lambar IEC, wato lambar shige da ficen kaya da ofishin DGFT, mai kula da cinikin waje a Indiya, ke bayarwa. Sai CRES, rajistar mai fitar da kayan ƙamshi daga Spices Board, hukumar da ke Kochi a jihar Kerala. Sai lasisin FSSAI na hukumar abinci. Sunan da ke kan ukun nan dole ya zama shi ne sunan da ke kan asusun bankin da za ka tura kuɗi. In ya ce ka tura asusun ƙaninsa ko wani kamfani a Dubai saboda haraji, ka rufe maganar a nan.

Babban abin da ke karya 'yan kasuwa a cinikin Turai shi ne iskar ETO. Iska ce da ake turara wa kayan ƙamshi don kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela, tana da araha kuma ba ta rage launi. Amurka ta yarda da ita har zuwa wani mizani. Tarayyar Turai ta hana, abin da take yafewa a kayan ƙamshi bai wuce miligram 0.1 a kilo ɗaya ba, wanda kusan daidai yake da a ce kada a gani sam. Tun watan Satumba 2020 da Beljiyam ta gano ta a riɗin Indiya suka sa ido, ba su sake ɗaukewa ba. A Afrilu 2024 Hong Kong da Singafo suka janye wasu kayan haɗin MDH da Everest, manyan kamfanonin kayan ƙamshi na Indiya, daga kasuwa kan wannan magana. To in manya irin waɗannan sun shiga ciki, ina ga dillalin da ke haɗo kaya daga hannu goma? Abin takaicin ma, ba sai an turara wa kayanka kai tsaye ba. Iskar tana tashi, amma tana barin wani saura a jikin kaya mai daɗewa, kuma Turawa suna haɗa sauran nan cikin lissafi. An ajiye buhunanka a sito ɗaya da kayan da za su Amurka, ko an ɗora su a katakon da aka turara, ya isa ya ja maka.

Ka san yadda abin yake zuwa? Jirgi ya iso tashar Hambog ta Jamus lafiya, ka riga ka fara lissafin riba. Sai saƙo ya shigo daga wakilin mai saye, layi uku: an ɗebi samfuri, an tsare kaya, a jira sakamako. Kwana goma kana duba waya kafin ka yi alwalar asuba. Sakamako ya fito, 0.3 ko 0.4, ɗan ƙanƙanin adadin da ko a ido ba ya ganuwa. Daga nan zaɓi biyu ne, a lalata kayan ko a mayar da su, duka da kuɗinka. Kwanakin kyauta na kwantena sun ƙare, kamfanin jirgi yana ƙirga maka kuɗin jinkiri kullum da yuro, tasha ma tana ƙirga nata na ajiya, kuɗin gwajin da ya kayar da kai ma kai za ka biya. An shigar da rahoton a tsarin RASFF na gargaɗi kan abinci mai haɗari, wanda duk ƙasashen Turai ke gani. Mai sayen da kuka yi wata huɗu kuna gaisawa ya daina amsa saƙo, kuma ba ka ga laifinsa ba, shi ma yana da waɗanda ya yi wa alkawari. Kai kuma ga mutanen da suka ba ka jari a gida, kowa ya gan ka a masallaci sai ya tambayi labarin kaya. Wannan kunyar ta fi asarar kuɗin ciwo, wallahi. Kuma inshorar ruwa ta yau da kullum ba ta biyan wannan, don kayan ba su lalace a teku ba, da aibinsu aka loda su.

Saboda haka ka rubuta a yarjejeniya cewa da tururi za a tsaftace kayan, ba da ETO ba, kuma a masana'antar da ba ta haɗa layi da kayan ETO. Tururi ya fi tsada, yana ɗan rage ƙamshi da launi, kuma in ba a busar da kyau ba bayansa danshi yana ƙaruwa. Ka yarda da hakan.

Ga kuma fumfuna. Gubar aflatoksin a barkono da kurkum da citta da masoro, Turai ta tsayar da maikirogram 5 a kilo na nau'in B1, da 10 in an haɗa duka nau'o'in. Gubar nan ba ta bazuwa daidai a cikin kaya, buhu ɗaya da ruwan sama ya taɓa a wurin shanya zai iya ɗauke da ita sauran 500 suna lafiya. Shi ya sa su can in kaya sun kai tan 15 suke ɗiba daga wuri 100 su haɗa kilo 10 su niƙa su gwada. Kai ma haka za ka sa a yi maka tun a Indiya. Ka ɗauki kamfanin duba kaya da kanka, irin su SGS ko Bureau Veritas, kai za ka biya su ba dillali ba, su je sito su ɗiba da hannunsu daga buhunan da aka riga aka ɗinke aka buga wa lamba, su kai ɗakin gwaji mai shaidar NABL, hukumar tantance ɗakunan gwaji ta Indiya, sannan su rufe rukunin da hatimi har ranar lodi. Ranar lodin ma su tsaya, su ɗauki hoton lambar kwantena da lambar hatimin ƙofa. In babu hatimin nan, a gwada wannan a loda wancan abu ne mai sauƙi. Ka kuma tambayi mai sayenka ko kayan suna cikin jerin dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/1793, ta kayan da ake tsananta wa bincike, a yanzu, don wasu kayan Indiya sai da takardar shaidar hukuma suke shiga, kuma jerin yana sauyawa kusan duk wata shida.

Wani abin da ya ɗaure min kai a tambayarka shi ne mutum ɗaya a Mumbai zai ba ka duka ukun. Kayan nan ba gari ɗaya suke ba. Barkono na Guntur ne a Andhra Pradesh, can ne babbar kasuwarsa. Kamun, wanda suke kira jira, na Unjha ne a Gujarat, sabo yana shigowa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kurkum kuma Erode, Nizamabad ko Sangli. Duk wanda ya ce yana da duka, saye yake daga wasu, kuma duk hannun da kaya suka bi ƙofa ce ta matsala.

Kuma kada ka rubuta "jan barkono mai kyau" a yarjejeniya. Barkonon iri-iri ne. Teja ƙanana ne masu zafin gaske. Sannam, wanda ake kira S4 ko 334, matsakaici ne. Byadgi na Karnataka mai tamoji ne, ja wur, zafinsa kaɗan, don launi ake sayensa. Bajamushen da ke son launi in ka kai masa Teja ka gama da shi. Ka rubuta iri, da karansa ko an cire masa kara, mizanin zafi, mizanin launi na ASTA (ƙungiyar 'yan kasuwar kayan ƙamshi ta Amurka), da danshi kada ya wuce kashi 11. Kurkum da sinadarin kurkumin ake masa farashi: na Erode da Nizamabad yawanci kashi 2 zuwa 3 ne, na Alleppey yana kai 5, Lakadong na Meghalaya yana haura 7. Ka sayi saiwar, kada ka sayi gari a karon farko. A gari ake ɓoye sitaci da rini, kuma akwai masu goga wa saiwar kanta sinadarin dalma don ta yi rawaya shar. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da wannan gwajin ba, ko da kasuwar Singa za ka kawo kayan ba Turai ba. Garin barkono ma a gwada rinin Sudan, tun 2003 ake kama shi. Kamun kuwa matsalarsa maganin ƙwari. Za a ce maka "ingancin Turai, tsabta 99.5", amma wannan maganar tsakuwa da ƙaiƙayi ce kawai, ba ta ce komai kan magani ba. Ka nemi wanda ake kira IPM, na gonakin da ake sa wa ido wajen feshi, ka sa a yi cikakken gwajin saura.

Ban ma so ka haɗa kaya uku a kwantena ɗaya ba. In ɗaya ya faɗi gwaji, sauran biyun suna zaune tare da shi ana ƙirga musu kwana. Ƙamshin kamun kuma yana kama kurkum. Nauyinsu ma ba ɗaya ba: kamun kusan tan 13 ke shiga kwantena mai ƙafa 20, barkonon da ba a cire wa kara ba kuwa ko mai ƙafa 40 da kyar take ɗaukar tan 14, don cika wuri yake ba nauyi. Ka sa a shimfiɗa takarda a bango da ƙasa, a rataya jakunkunan shan danshi, saboda kwantena ta taso daga zafin tashar Mundra ko Nhava Sheva a Indiya ta shiga sanyin Turai gumi take yi, ya ɗiga kan buhunan sama. Tun ƙarshen 2023 da jirage da yawa suka bar Bahar Maliya suna zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar ta ƙaru da kwana goma zuwa sati biyu, gumin ma ya samu lokaci.

Wannan duk ba baƙon abu ba ne a gare mu, in ka duba. A 2015 Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu saboda maganin ƙwarin da ake zubawa a sito. Masu kai cittar Kaciya da riɗi da zoɓo waje suna shan wannan gwajin kullum. Ina ma mamakin yadda muke tsallake citta mai ƙarfi a Kudancin Kaduna mu tafi neman kaya har Indiya, amma dai mai saye shi ya san abin da yake so.

Maganar kuɗi. Rabi kafin lodi ya yi yawa ga wanda ba ku taɓa ciniki ba. Mafi aminci LC ce, wato takardar lamunin banki, wadda ake biya da ganin takardu, a sa takardar gwajin kamfanin da kai ka ɗauka cikin sharuɗɗan biya. In ya ƙi LC, kada ka wuce kashi 20 zuwa 30, shi ma bayan sakamakon gwaji ya fito, ragowar sai ka ga kwafin takardar lodin jirgi ka tabbatar da lambarta a shafin kamfanin jirgin da kanka. Kada kuma ka yanke wa Bajamushen farashi na wata shida kai ba ka ɗaure naka ba. A 2023 kamun ya haura rupi 60,000 kan kilo 100, ya ninka cikin watanni, masu fitarwa da yawa suka janye daga alkawarin da suka yi a tsohon farashi, 'yan tsakiya irinmu ne suka kwana ciki. Ka rubuta a yarjejeniyar wa zai ɗauki asara in an ƙi kaya a tashar sauka, da kuma inda za a yi shari'a in an saɓa.

In ni ne kai, zan ce wa mai sayen mu fara da kurkum kaɗai, tan biyu ko uku a kwantenar haɗaka, ya turo min jerin gwajin da yake so a rubuce, in miƙa wa dillalin in ga yadda zai amsa. Ka turo mana hoton takardar gwajin da ya ba ka, ka rufe sunansa, mu duba maka kwanan watan da lambar rukunin. Allah ya tsare maka dukiyarka, Alhaji.