An ce ɗiyata ta ajiye maganin asibiti kafin mu yi nobenar Waliyya Dymphna

Tambaya: Fada, barka da aiki. Ɗiyata ta samu taɓin hankali bara. Likita ya ɗora ta a kan magani, ta samu sauƙi har ta koma kan keken ɗinkinta. Sai wata 'yar zumuntarmu ta kawo mini hoton Waliyya Dymphna, ta ce in yi nobena, wato addu'ar kwana tara, amma wai sai an ajiye ƙwayoyin tukuna, don haɗa su da addu'a rashin bangaskiya ne. Muka ajiye. Yau mako uku ke nan ba ta barci, tana ta magana ita kaɗai. Yanzu ana cewa aljani ne, in kai ta wani gidan addu'a inda ake kwantar da irinsu. Fada, ni ce na ɓata nobenar? Wace ce ma wannan waliyya?
Daga wata uwa a Kafanchan

Amsa: Mama, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Ba ki ɓata komai ba. Ajiye maganin ne ya dawo da ciwon. Gobe da sassafe ki mayar da ita wurin likitanta, ki tafi da kwalin maganin, ki faɗa masa ranar da ta daina sha, kada ki ɓoye don kunya. In kuwa ta fara zancen kashe kanta ko ta ƙi ci da sha, kada ki jira gari ya waye.

Labarin Dymphna ya zo mana ne ta hannun wani malamin coci mai suna Pierre a garin Cambrai, a Faransa ta yau, wanda bishof na garin ya sa shi rubutawa a ƙarni na 13, ita kuwa an ce a ƙarni na 7 ta rayu. Wato abin da baki ya riƙe na ɗaruruwan shekaru ne ya tattara. 'Yar wani sarki ce a Ailan, uban ba Kirista ba ne, uwar Kirista ce. Da uwar ta rasu sai baƙin ciki ya juyar wa sarkin da hankali, har ya ce 'yarsa zai aura tunda ita ce mai kama da matarsa. Ta gudu tare da Fada Gerebernus, suka haye teku, suka sauka a Geel, kusa da Antwerp a Beljiyam ta yau. Kuɗin ƙasarsu da suka kashe a hanya ne ya tona inda suke. Uban ya iso, ya sa aka kashe fadan, ita kuma da ta ƙi bin sa ya sare mata kai da hannunsa, tana 'yar shekara 15. An saba yin idinta ran 15 ga Mayu.

Abin da mutanen Geel suka yi da wannan labari shi ne nake so ki riƙe. A 1349 aka fara gina mata coci, masu ciwon hankali suka riƙa zuwa daga nesa suna neman ta roƙa musu waraka. Sukan yi kwana tara a wani ɗaki da ke jikin cocin, suna addu'a, suna rarrafawa ta ƙarƙashin akwatin ƙasusuwanta. To wanda kwana tara suka cika bai warke ba fa? Ba a ce masa bangaskiyarsa ta gaza ba. Da ɗakin ya cika, manoman garin ne suka buɗe ƙofofinsu. Mutum ya zauna a gidan da ba nasa ba, a zuba masa abinci tare da 'ya'yan gida, ya tatsi saniya, ya fere dankali, wani ya shekara talatin a haka. A tsakiyar ƙarni na 19 gwamnati ta karɓi tsarin ta sa likitoci a kai. A shekarun 1930 masu zama a gidajen mutane sun haura 3,500. Yau sun ragu ƙwarai, amma abin na nan, asibitin ƙwaƙwalwa na garin ne ke kula da shi, marasa lafiyan kuma suna shan maganinsu. Ko a ƙasarmu, Farfesa Thomas Lambo ya gwada makamancin haka a ƙauyen Aro na Abeokuta tun 1954.

To ina wannan 'yar zumunta ta samo nata? Garin da ya fi kowa sanin Dymphna bai raba ta da likita ba, sai mu da muka san ta jiya a jikin hoto? Wallahi maganar nan ta ishe ni. Da wuya mako ya wuce ban ji irinta a ofishin fada ba: mai farfaɗiya an ce ya ajiye, mai hawan jini an ce ta ajiye, mai ciwon suga an ce ya sha man zaitun. Kuma mai ba da shawarar ba ita za ta kwana zaune tana tsaron ƙofa ba, ke ce. A Littafi Mai Tsarki, Littafin Sirak sura 38 cewa ya yi a girmama likita, domin Ubangiji ne ya halicci magunguna daga ƙasa, mai hankali ba ya raina su. A wannan surar aka ce mara lafiya ya yi addu'a, a cikinta kuma aka ce ya bar likita ya yi aikinsa. Nobena roƙo ce. Muna cewa waliyya ta roƙa mana Allah, kamar yadda za ki ce wa maƙwabciyarki ta sa ki a addu'a. Ranar da aka gindaya mata sharaɗi, aka ce in kin yi kaza dole ta ci, in kin haɗa da kaza ta karye, an mai da ita laya ke nan, kuma Katikisim, littafin koyarwar Ikkilisiya, ya kira wannan camfi. Muguntar abin ita ce in ciwo ya dawo, a kan uwa laifin ke faɗawa, kamar yadda kike zargin kanki yanzu.

Batun aljani kuma, Ikkilisiya ba ta musa shi ba, amma ta ɗaure shi da doka. Doka mai lamba 1172 a kundin dokokin Ikkilisiya ta ce babu mai yin addu'ar fitar da aljani sai fadan da bishof ya ba izini a fili, kuma ƙa'idar da Roma ta fitar a 1999 ta umarci fadan ya tabbatar tukuna cewa ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne, ya nemi shawarar likitoci in da hali. Yarinyar da ta warware da ƙwaya ta kuma rikice da aka janye ƙwaya, ai amsa ta fito. Na taɓa shiga irin gidan da ake ce miki. Na ga saurayi a ƙasa, sarƙa ta cinye masa idon sawu, ƙudaje na bin gyambon, an hana shi abinci kwana uku wai azumi. Kada ki kai ɗiyarki can, ko da wa ya zo da maganar, ko da ya rataya rosari goma a wuya.

Ki ci gaba da nobenarki, Mama. In likitan da ya fara duba ta ya yi nisa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki gaya wa fadan Ikkilisiyarku ya zo gida ya yi mata addu'a, in ya ga ya dace ya shafa mata man marasa lafiya. Ita 'yar zumuntar kuma, in da gaske tana ƙaunar Waliyya Dymphna, ki ce ta zo ta karɓe ki jinya dare ɗaya a mako ki samu ki runtsa. Hoton ki ajiye shi kusa da kwalin maganin, in za ki ba ta na dare sai ku yi addu'ar tare.