Baiwar rubutu da taɓin hankali: kar ku bari ya daina shan magani

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki marubuci ne, tun da aka ɗora shi kan maganin ƙwaƙwalwa yake kukan alƙalaminsa ya bushe, har wasu na ce muku ai baiwa da taɓin hankali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, a ƙyale shi ya daina sha. Don Allah kar ku yarda.

Shekara shida na yi ina jinyar yayana, shi ma gajerun labarai yake rubutawa. In ciwon ya motsa sai ya kwana uku bai runtsa ba, ya cika littattafai da rubutu, yana cewa wannan karon duniya za ta san da shi. Da ya samu sauƙi muka buɗe su tare. Jimla ta faro daga kasuwa ta ɓulle wajen mala'iku, shi kansa ya kasa kamo bakin zaren. Ranar ya yi kuka. Labaransa da mutane ke yabo kuwa, duk ya rubuta su ne lokacin da yake ci yake barci.

Gaskiya ne akwai littattafan da aka gina su tamkar tunanin mai ciwon. A littafin Mrs Dalloway na marubuciya Virginia Woolf, 1925, tsohon soja Septimus yana jin tsuntsaye na waƙa da Girkanci, abin da ita kanta ta ji a rashin lafiyarta ta 1904. Amma sai bayan shekara ashirin ta zauna da hankalinta ta tsara shi, ta san inda za ta saki zance da inda za ta riƙe. Marubuci James Joyce ma ya ɗauka hargitsin maganar 'yarsa Lucia irin salonsa ne. An ruwaito likitan ƙwaƙwalwa Carl Jung, wanda ya duba ta a 1934, ya ce ita da mahaifinta ƙasan kogi suka nufa, shi nutso yake yi, ita kuwa nutsewa.

Alaƙa tsakanin baiwar rubutu da ciwon dai akwai ta. Likitar ƙwaƙwalwa Nancy Andreasen ta bincika marubuta 30 a Amurka a 1987, ta samu kashi 80 cikin ɗari sun taɓa fama da ciwon damuwa ko na hawa da saukar yanayi.

Kukan ƙaninki ba shagwaɓa ba ne, wasu magungunan na sa nauyin jiki da na tunani. Ku raka shi wurin likitansa, ya faɗa da bakinsa cewa rubutu ne aikinsa. Sau biyu aka canza wa yayana magani kafin a dace, yanzu da asuba yake rubutu, shafi ɗaya ko biyu.