Za a yanke mini muƙamuƙi a ɗauko ƙashi daga ƙafata

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Kumburi ne ya fito mini a muƙamuƙin ƙasa, ba ya ciwo, sai dai kullum ƙaruwa yake. An yi gwaji an ce ƙari ne amma ba daji ba, kuma wai sai an yanke ƙashin a dasa wani daga ƙafata. Me zai hana a kankare shi kawai? Zan iya tafiya bayan nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Bayaninka ya yi kama da ƙarin da ake kira amelobilastoma, amma sakamakon gwajinka shi ne alƙali. Wannan ƙari ba kasafai yake yaɗuwa ba, sai dai yana kutsawa cikin ƙashi fiye da inda hoto ya nuna. In aka kankare shi kawai, sau da yawa dawowa yake yi. Shi ya sa ake yanke shi haɗe da lafiyayyen ƙashi, santimita 1 zuwa 1.5 ta kowane gefe.

Giɓin da aka bari dole a cike shi. In ba haka ba muƙamuƙi ya karkace, tauna ta gagara. In ta wajen haɓa ne abin ya fi tsanani, domin nan harshe yake ɗaure, yana iya zamewa baya ya tare numfashi. Ƙaramin giɓi, ƙasa da santimita 6, akan cike shi da ƙashin ƙugu ko haƙarƙari. Cike giɓin da ƙarfen titaniyom shi kaɗai kuwa, ni ban cika natsuwa da shi ba, yakan karye ko ya huda fata.

Babban giɓi sai ƙashi mai jininsa. Ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwa da idon sawu, kuma ƙaton shi ke ɗauke da kusan duk nauyinka. Siririn na gefe, fibula, shi ake ɗauka. Yana ba da kusan santimita 25, a bar kamar santimita 6 sama da ƙasa don kada gwiwa da idon sawu su yi rauni. Tun 1989 da likita David Hidalgo na Amurka ya wallafa wannan hanya ta samu karɓuwa. Ana ciro ƙashin da jijiyoyin jininsa, a yayyanka shi ya lanƙwasa daidai da fuska, a ɗaure da ƙarfe, sannan a ɗinke jijiyoyin da na wuya ƙarƙashin madubin likita, da zaren da ya fi gashi siranta. Fiye da kashi 90 cikin 100 yana kamawa.

Za ka yi tafiya, da sanda tukuna na 'yan makonni. Kwanakin farko ta bututun hanci za a ciyar da kai, ana ta leƙa dashen ko da tsakar dare, domin in jini ya daskare sai an koma tiyata nan take. Leɓen ƙasa na ɓangaren da aka yanke kan daina jin taɓawa, wani lokaci har abada. In kana shan taba ka daina tun yanzu. Batun dashen haƙora kuma ka tayar da shi kafin aikin, domin da shi ake tsara inda ƙashin zai zauna.