Tsohon Rock Chucker ko sabon inji?

Malam, ka ce kana Amurka, an yi maka tayin tsohon RCBS Rock Chucker, wato injin hannu na sake cika kwanson harsashi, da araha, kana tunanin ko gara ka sayi sabo. Ni dai in ƙarfensa bai tsage ba, sandar da ke hawa da sauka ba ta girgiza, ka karɓa. Tun 1967 ake ƙera shi da zubin ƙarfe mai nauyi, kuma ma'aunin murɗin ramin da ake ɗaura masa bututu 7/8-14 ne, wanda har yau yawancin kamfanoni ke bi, don haka bututun daidaita kwanso na zamani zai shiga.

Inda sababbi suka fi shi shi ne sauƙin aiki. Rock Chucker Supreme ya fi faɗin baki, dogon kwanso ba ya takura yatsunka. Lee Classic Cast kuwa yana zubar da tsofaffin firaima (ɗan abin da ke gindin kwanso mai tayar da wuta) ta cikin sandar zuwa wani bututu, ba sai ka bi ƙasa kana tsince su ba. Hornady Lock-N-Load na ba ka damar sauya bututun daidaita kwanso da murɗi ɗaya.

Ta fuskar daidaito kuwa, bambancin kaɗan ne. Sai Forster Co-Ax, wanda ke barin kwanso ya daidaita kansa, amma kuɗinsa ba wasa ba.