Kabon-14 da shekarun kwalekwalen Dufuna

Tambaya: Malam, an koya mana cewa rabin kabon-14 yana rubewa cikin shekara 5,730. To ashe bayan shekara 11,460 ya ƙare ke nan? Kuma ta yaya aka san shekarun kwalekwalen Dufuna da shi?

Amsa: A'a ɗalibi. Kabon-14, wato nau'in kabon da ke rikiɗewa a hankali zuwa wani sinadari, ba ya ƙarewa a zango na biyu na shekara 5,730. Kullum rabin abin da ya rage ne ke tafiya. Idan ka fara da giram 80, bayan shekara 5,730 saura 40, bayan 11,460 saura 20, bayan 17,190 saura 10. Dalili kuwa, ƙwayar zarra ba ta tsufa. Wadda ta shekara dubu goma da wadda aka samar jiya, damarsu ta rikiɗewa zuwa naitirojin-14 ɗaya ce. Shi ya sa in ƙwayoyin suka ragu, masu rubewa ma sai su ragu.

Ga lissafin: raba shekarun da 5,730, ka samu adadin zango, n. Abin da ya rage shi ne na farko sau (1/2)ⁿ.

Kwalekwalen kuwa, wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu. Bishiya tana shan kabon daga iska muddin tana raye, da kabon-14 a ciki. Da zarar ta mutu shan ya tsaya, sai raguwa kawai. A ce an auna itace aka tarar kabon-14 ɗinsa saura kashi 38 cikin 100. Ya gaza rabi amma ya fi rubu'i, don haka n na tsakanin 1 da 2. A kalkuleta, raba log (logaridim) 0.38 da log 0.5, ka samu kusan 1.4. Sau 5,730, kimanin shekara 8,000. Kusan haka aka ƙiyasta wa kwalekwalen.

Sai dai lissafin allo bai wadatar ba. Yawan kabon-14 a iska ya sha hawa da sauka a tarihi, saboda haka masana kan gyara amsar da zobban shekara na tsofaffin itatuwa, wato da'irorin da bishiya ke ƙarawa a gangarta duk shekara. Kuma shekarun itacen ake samu, ba ranar da aka sassaƙa shi ba. Wannan na fi so ɗalibai su riƙe, don nan ake yawan zamewa. In abu ya haura shekara 50,000, kusan zango tara, ragowar ta yi ƙanƙantar da sai an nemi wani ma'aunin.