Yaya ƙasar ƙanƙara za ta zama hamada?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Garwa. Wani ɗalibina ya ce ya ji a rediyo wai Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, hamada ce, har ta fi Sahara girma. Na rasa amsar da zan ba shi. Yaya wurin da ƙanƙara ta lulluɓe zai zama hamada, kuma me ido ke gani a can?

Amsa: Malama, yaron nan ya ji daidai, ki yaba masa a gaban 'yan ajin. Masana ba da zafi suke gane hamada ba, da ƙarancin abin da ke sauka daga sama ne. Garwa kan samu ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. A tsakiyar Antatika kuwa, in aka narkar da dusar ƙanƙarar da ta zuba shekara guda, da ƙyar ta kai milimita 50, domin iska mai tsananin sanyi ba ta iya ɗaukar laima. A tashar bincike ta Vostok an auna digiri 89.2 ƙasa da sifili ranar 21 ga Yuli, 1983.

To ina duk ƙanƙarar ta fito? Ɗan abin da ya zuba ba ya narkewa. Na bana ya hau kan na bara, shekaru dubbai bisa dubbai, nauyi na danne nauyi, har kaurinta ya kai kusan kilomita 2, a wasu wuraren ya haura 4. Faɗin nahiyar murabba'in kilomita miliyan 14 ne, wato Chadi sau goma da ɗoriya; Sahara wajen miliyan 9 ce.

Abin da ido ke gani a tsakiyarta fili ne fari fat, ba itace, ba ciyawa. Iska ta sassaƙe fuskarsa layi-layi kamar kunyoyin gona, masu tauri har su wahalar da motar masu bincike. Inda ƙanƙara ta tsufa ta matse, sai ta koma shuɗiya, don tana shanye jan haske ta bar shuɗin. A can ƙuryar kudancin duniya rana kan yi wata shida ba ta faɗi ba, tana kewaya sama, sannan ta ɓace wata shida.

Wurin da na fi so ki nuna wa yaran hotonsa shi ne busassun kwaruruwan McMurdo. Can kusan babu ƙanƙara a ƙasa, sai tsakuwa da duwatsun da iska ta goge, ga dutsen Erebus mai aman wuta, mita 3,794, a tsibirin Ross da ke tsallaken teku. Ki rufe sunan wurin, ki tambaye su ko ina ne. Ina kyautata zaton wasu za su ce arewacin Chadi.